Dorugu na Dambanas, yaron da aka rubuta Hausa daga bakinsa

Idan aka tashi ba da tarihin rubutun Hausa da haruffan boko, sunan da ake fara kawowa shi ne na James Frederick Schön, Bajamushen nan ɗan mishan wanda ya yi wa ƙungiyar CMS ta Ingila aiki. Ana jera masa littattafai: tarin kalmomi da ɗan bayanin nahawu a 1843, cikakken nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sai kuma Magana Hausa a 1885. Ɗalibi ya haddace waɗannan shekaru huɗu, ya juye su a takardar jarrabawa, ya ci makinsa ya wuce. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Iyakar kusantarsa da ita ita ce tafiyar jirgin ruwa ta 1841 a kan kogin Kwara, wadda zazzaɓi ya hallaka Turawa da dama a cikinta har aka juyo ba shiri. To, a bakin wa ya ji Hausar da ya cika littattafai da ita? Da fari ya tsinto ta wurin bayin da aka ƴanta aka zaunar a Saliyo. Daga baya kuwa, kuma nan ne mafi yawan abin ya fito, ya same ta daga bakin wani saurayi da ya zauna a gidansa a Ingila shekara da shekaru. Sunan saurayin Dorugu.

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, wani gari na ƙasar Kance, kudu maso yamma da birnin Damagaram. Wannan kaɗai ya isa ya sa in damu da shi, domin ni ma ɗan wannan jaha ne. Mun tashi muna jin labarin Sarki Tanimun da ganuwar da ya kewaye birni da ita da igwogin da aka ƙera masa. Mun ji na Amadu Kuran Daga, da kisan Kyaftin Cazemajou a 1898, da shigowar Faransa a shekarar da ta biyo baya. Waɗannan su ne manyan mutane a darasin tarihin da aka koya mana, kuma ban ce ba su cancanta ba. Amma sunan Dorugu ban ji shi a aji ba ko sau ɗaya, sai da na girma na fara bin diddigin yadda aka soma rubuta harshenmu da boko, na same shi zaune a gindin maganar. Mutumin da za a iya cewa shi ne Bahaushen farko da aka buga tarihin rayuwarsa da Hausar boko, daga ƙauyen da ke bayan gidanmu ya fito.

Mahaifinsa makaɗi ne, yana kuma taɓa noma kamar kowane talaka. Dorugu yana da shekara 11 ko 12 mayaƙan Barno suka far wa yankinsu, aka kama shi aka raba shi da danginsa. Mai karatu na yau zai iya mamakin yadda za a kama mutanen ƙasar da ke ƙarƙashin Damagaram, alhali ita Damagaram ɗin tana biyayya ga Shehun Barno tana kai masa gaisuwa. Ai a nan ɗin ne matsalar take. Bayi suna cikin abin da ake kai gaisuwar da shi, kuma su ne kuɗin da sarakuna ke biyan fataken Larabawa bashin dawaki da bindigogi da tufafi. Idan bashi ya taru, ba a rasa garin da za a ce ya yi laifi. Ƙananan garuruwan da ke kan iyaka tsakanin Damagaram da Daura da Katsina su ne suka fi shan wannan wuya, domin kowane ɓangare yana iya kiran su na abokan gaba. Haka yaron ya bi ta hannu daban-daban har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu, inda kasuwar Litinin take cika maƙil, ana sayar da mutum kusa da inda ake sayar da raƙumi.

A Kukawa ne hanyarsa ta haɗu da ta Turawan da gwamnatin Ingila ta aiko su binciki tsakiyar Afirka. Su uku ne suka taso daga Tarabulus a 1850. Shugabansu James Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya kai Kukawa. Saura Jamusawa biyu, Heinrich Barth wanda ya ɗauki sunan Abdulkarim, da Adolf Overweg wanda ake kira Tabib. Overweg ne ya fanshi Dorugu ya ƴanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega, suka zama yaransa masu yi masa hidima. Ba a jima ba shi ma Overweg zazzaɓi ya kashe shi a watan Satumba na 1852, a wani ƙauye kusa da tafkin Cadi. Barth ya rage shi kaɗai, ya gaji yaran biyu, ya ɗaura niyyar nufar yamma.

Tafiyar da suka yi daga nan, ko babba ya yi ta sai ya ba jikokinsa labari. Sun bar Kukawa a watan Nuwamba na 1852, suka bi ta Damagaram, Katsina, Wurno da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka sauka Gwandu a zamanin Halilu, suka haye Kwara a Sayi, suka isa Tambutu a watan Satumba na 1853. A can suka shafe watanni a cikin zullumi, ran Barth yana hannun Shaihu Ahmad al-Bakka'i na Kunta wanda ya ba shi mafaka ya hana a taɓa shi. Sai a ƙarshen 1854 suka sake ganin Kukawa. Barth ya rubuta wannan tafiya a mujalladi 5 da suka fito a 1857 da 1858, da Turanci da Jamusanci, kuma babu mai nazarin tarihin ƙasashenmu da zai iya kauce musu. A ciki akwai tsawon kowane zango, da farashin gero da na wuri a kasuwanni, da jerin sarakuna, da labarin yadda ya sami Tarihus Sudan a Gwandu ya zauna yana kwafar abin da ya iya kwafa. Har hoton yaran nan biyu an zana a ciki. Amma a littafin Barth, Dorugu bara ne mai kula da kaya da raƙuma, ana ambatonsa jefi-jefi a wuce.

Shi ya sa nake ganin darajar labarin da yaron ya bayar da kansa. Hanya ɗaya aka bi, ido biyu suka gan ta, ɗaya daga kan doki yana riƙe da agogo da alƙalami, ɗaya daga ƙasa yana jan akala. Abin da ya dami Dorugu shi ne yunwa da ƙishirwa da gajiya, da wanda ya yi masa kirki da wanda ya ci zalinsa, da abin da aka ci a zango. Masu son tarihin sarauta za su ce wannan ƙaramin abu ne. Ni kuwa ina ganin irin wannan shaida ce ta fi ƙaranci a hannunmu. Malaman ƙarni na 19 sun bar mana littattafai masu yawa na fiƙihu da tarihin jihadi da waƙoƙin wa'azi, sarakuna sun bar wasiƙu, maroƙa sun adana kirari. Bawa fa? An yi ta magana a kansa, a hukunce-hukuncen ciniki da na gado da na ƴantawa, amma da wuya a ji shi yana magana da bakinsa. Dubban yara sun bi hanyar da Dorugu ya bi zuwa Kukawa, kuma mafi yawansu ko sunansu bai saura ba.

A watan Mayu na 1855 suka tashi daga Kukawa suka nufi arewa, ta Bilma da Murzuk. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da ake kora bayi zuwa bakin Bahar Rum, hanyar da matafiya suka sha ba da labarin ƙasusuwan mutane a gefen rijiyoyinta. Da Overweg bai fanshe shi ba, mai yiwuwa da ita ɗin zai bi, a ƙasa, cikin ayarin waɗanda za a sayar. Ya bi ta yana ɗa. Suka isa Tarabulus a watan Agusta, suka shiga jirgin ruwa ta Malta zuwa Marsai, suka ratsa Faransa, suka sauka Landan a farkon Satumba na 1855. Daga nan Barth ya tafi da su Jamus, garinsu Hambug da kuma Barlin.

Niyyar Barth ita ce a mai da yaran gida. Schön kuwa, wanda rashin lafiya ta raba shi da Afirka ya koma zama a yankin Chatham yana aikin limancin asibiti, ya ga abin da ya daɗe yana nema ya zo har ƙofar gida: Bahaushe haifaffe, mai baki, wanda zai iya tambaya safe da yamma. Ya nemi a bar masa su, suka zauna wurinsa, abin ya zama sanadin ɓacin rai mai tsanani tsakaninsa da Barth. Duk lokacin da na tuna wannan rigima sai in ji wani iri. Manyan masana biyu, dukansu masu ƙyamar cinikin bayi da gaske, suna jayayya a kan wanda ya fi cancanta ya riƙe yara biyu ƴantattu. Abbega bai daɗe ba, ya koma Afirka a 1857. Dorugu ya zauna har 1864. An yi masa baftisma aka sa masa James Henry, sunan farko irin na Schön, na biyu irin na Barth, kamar an raba gardama a kan goshinsa.

A waɗannan shekaru ne aka yi aikin. Dorugu yana faɗa, Schön yana rubutawa: labarin rayuwarsa, tatsuniyoyi, karin magana, bayanin al'adu, da amsoshin tambayoyin nahawu marasa iyaka. Ya kuma taimaka wajen fassarar sassan Littafi Mai Tsarki da suka fara fitowa tun daga 1857. Nahawun 1862 da ƙamusun 1876 sun jingina ƙwarai da abin da aka tara a wannan zama. A 1877 aka ba Schön lambar yabo ta Volney a Faransa saboda aikinsa a kan Hausa, a 1884 kuma Jami'ar Okusfod ta ba shi digirin girmamawa.

Sashen labarin da ya fi ba ni daɗi shi ne na Turai. Mun saba da Bature ya zo ya dube mu, ya rubuta yadda muke ci da yadda muke aure da yadda muke binne gawa. A nan sai ga ɗan Dambanas yana duban Turawa da irin wannan ido, cikin natsuwa, ba tare da ruɗewa ba. Ya kwatanta liyafar cin abinci a gidan manyan Ingila daki-daki: yadda ake shiga, yadda namiji ke riƙo mace ya kai ta mazauninta, yadda ake kawo abinci kashi-kashi ana sauya faranti, yadda mata ke tashi su bar maza a teburi bayan an gama. Yana bayanin ne kamar mai shirya wa ɗan'uwansa guzuri, don kada ya je ya ji kunya. Mu da muka yi karatun adabi mun san Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943, kuma akan ɗauke shi kamar shi ne ya buɗe wannan fage. Dorugu ya riga shi da kusan shekara 90. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, Imam ya san Hausawa ne za su karanta shi, ya zuba musu gishiri da barkwanci yadda suke so. Mai sauraron Dorugu mutum ɗaya ne, kuma Bature ne, kuma shi ne mai gidan da yake kwana.

Wannan batu na ƙarshe bai kamata mai nazari ya sake da shi ba. Yaron da ke cin tuwon mutum, yake sanye da rigar da ya saya masa, yake koyon addininsa, akwai abin da zai faɗa masa akwai wanda zai haɗiye. Idan ka ga labarin ya yi sauri a wani wuri, ko ya yabi wanda ba ka zaci za a yaba ba, ka tuna da ɗakin da ake maganar a cikinsa. Hakan bai rage gaskiyar abin da ya faɗa ba, sai dai yana koya mana mu karanta da kunne biyu.

Yanzu bari in zo kan harshen kansa, tunda shi ya tara mu a wannan shafi. Wanda ya buɗe Magana Hausa karo na farko zai yi tuntuɓe tun a layin farko, har ya ce anya wannan Hausa ce? Hausa ce, rigar da aka sa mata ce baƙuwa. Schön ya yi amfani da tsarin haruffan da masanin nan Lepsius ya shirya don rubuta harsunan da ba su da boko, wanda ƙungiyar CMS ta karɓa. Saboda haka sautin da muke rubutawa da sh, shi da s mai ɗan kambu a ka ya rubuta shi, wanda muke rubutawa da c kuma ya haɗa masa haruffa biyu. Wannan mai sauƙi ne, kwana biyu ido ya saba. Babbar matsalar ita ce kunnen Schön bai rarrabe masa baƙaƙen nan masu lanƙwasa ba. A wurinsa kara da ƙara abu ɗaya ne, bari da ɓari haka, da da ɗa haka. Tsawon wasali ma bai zauna masa daidai ba, balle karin sauti. Abin ban sha'awa shi ne, malaman da ke rubuta ajami tun kafin a haifi Dorugu sun san ƙ daban take da k, suna ba kowace harafinta, suna kuma da yadda suke nuna ɗ. Wato a wannan fanni allon tsangaya ya riga teburin Chatham. Sai a shekarun 1930 ne haruffa masu lanƙwasa suka zauna a boko, sannan aka yi taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 don daidaita rubutun tsakanin ƙasashe.

Dabarar da na ga tana aiki ita ce karantawa da ƙarfi. Idan ka bar ido shi kaɗai, rubutun zai yi ta yi maka gardama. Idan ka ɗaga murya, bakinka da kansa zai mai da ƙ inda aka rubuta k, ya ja wasalin da ya kamata a ja, sai ka ji mutum ya fito daga cikin takarda yana magana, kuma maganar tasa ba ta yi nisa da ta tsofaffin ƙauyukanmu ba. Na gwada wannan da ɗalibai, na ga yadda fuskarsu ke sauyawa idan jimlar da ta gagare su a ido ta warware a kunne.

Amma ko bayan an warware rubutun, akwai tambayar da ke saura: Hausar wa muke ji? Abu uku ne suka cakuɗe a ciki, kuma raba su shi ne ainihin aikin mai nazari. Akwai karin harshen ƙasar Damagaram na tsakiyar ƙarni na 19, wanda shi ne dukiyar da muke nema, domin ba mu da wani dogon zance na baka daga wannan yanki a wannan zamani da ya kai shi. Akwai kuma Hausar yaro. An cire Dorugu daga cikin masu harshensa yana ɗan shekara 11 ko 12, ya yi shekaru tsakanin Barebari da Larabawa da Turawa, saboda haka bai sami zaman fada ko na zaure ko na makarantar ilimi ba, inda ake koyon zaurance da habaici da kalmomin malamai. Sai na uku, hannun Schön, wanda yake rubutawa a hankali, yana tsai da mai magana, yana neman a maimaita, wataƙila yana gyara abin da ya ga bai dace da ƙa'idar da ya riga ya tsara a ransa ba. Duk wanda ya taɓa yi wa wani shifta ya san yadda jimla ke gajarcewa idan ana jiran alƙalami. Don haka idan ɗalibi ya ci karo da wani gini da ya saɓa wa Hausar yau, kada ya yi gaggawar cewa ga yadda kakanninmu ke magana, kada kuma ya yi gaggawar cewa kuskuren Bature ne. Ya je ya saurari tsofaffin Kance da Matamaye da Magarya tukuna, ya duba waƙoƙin ajami na wancan ƙarni, sannan ya yanke hukunci.

Ba na son a fahimce ni kamar ina tuhumar Schön da sata. Bai ɓoye Dorugu ba. Ya ambace shi, ya kuma bayyana a kan labarin cewa mai shi ne ya faɗa da bakinsa. Ya ba harshen da ba nasa ba shekaru fiye da 40 na rayuwarsa, a lokacin da mafi yawan mutanen ƙasarsa ba su san akwai shi ba. Al'adar zamanin ce ta ɗauka cewa mai alƙalami shi ne mawallafi, mai baki kuwa tushe ne kawai, kamar rijiyar da aka ɗebi ruwa. Haka aka yi wa Ali Eisami, Babarbaren da Koelle ya rubuta nahawun Barbarci na 1854 daga bakinsa a Saliyo. Haka kuma, ƙarni guda bayan haka, labarin Baba ta Karo ya fito da Turanci a 1954 ta hannun Mary Smith, ko da yake ita Baba ta ci sa'a sunanta ne a kan littafin. Laifin da nake gani namu ne, mu da muka gaji wannan al'ada ba mu tambaye ta ba, muna ta maimaita wa ɗalibai sunan mai rubutu muna tsallake mai magana.

In ana son a ga yadda abin yake idan mai baki shi ne kuma mai alƙalami, a dubi Alhaji Umaru na Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a 1934. Shi ma ya yi aiki da Bajamushe, Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamusun Hausa a 1906. Amma Alhaji Umaru malami ne cikakke, da hannunsa ya rubuta bayanin ƙasar Hausa da sana'o'inta da tarihinta cikin ajami, yana da waƙoƙinsa na Larabci da na Hausa, yana da almajirai da suka yaɗa sunansa a zangunan Gana. Ko Mischlich bai zo ba, za a san shi. Dorugu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba shi da almajirai, ba shi da gidan malanta, ba shi da maroƙin da zai riƙe kirarinsa.

Ina jin kuma akwai dalilin da ya fi wannan zurfi, wanda ba mu cika son faɗa ba. Ɗan makaɗi ne, a al'ummar da ke jin daɗin kiɗa tana raina makaɗi. Bawa ne, a al'ummar da har gobe ake binciken asali kafin a ba da aure, ake kuma rage murya idan za a ce wane jikan bayi ne. Sannan ya shiga addinin Nasara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya sa a kau da kai daga mutum. Abin mamaki, mun karɓi labarin bauta hannu biyu da ya zo mana a matsayin ƙage. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, labarin yaro ne da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa tana nema. An karanta shi a makarantu, an mai da shi wasan kwaikwayo, an yi fim ɗinsa. Sai dai shi Umar ya dawo a matsayin shehin malami, ƙarshen da ke kwantar wa mai karatu da hankali. Dorugu mutum ne na gaske, bai dawo da rawani ba, ya dawo da sunan Nasara da harshen Turanci, kuma babu wani gurbi da aka tanadar wa irinsa a cikin labarin da muke ba kanmu. A Agadas har yau ana nuna wa baƙi gidan da Barth ya sauka a 1850. Ban ƙi a nuna ba.

Waɗanda suka sake fito da shi fili su ne Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, a littafin da suka buga a Amurka a 1971, inda aka fassara labarinsa zuwa Turanci da bayanai, aka haɗa shi da labarin Maimaina Sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne. Aiki ne mai kyau, amma don masu jin Turanci aka yi shi, kuma a nan Nijar inda karatunmu ya fi karkata ga Faransanci, kaɗan ne suka taɓa riƙe shi. Abin da nake fata shi ne wani daga cikin masu nazarin Hausa na wannan yanki ya ɗauki nauyin mai da labarin cikin rubutun yau don yaran makaranta. In za a yi, ina da roƙo ɗaya: a gyara haruffa, kada a gyara mutumin. A mai da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ inda suka ɓace, a raba kalmomi yadda ƙa'ida ta ce, amma kada a ɗauki karin harshensa a goge shi a mai da shi Kananci don wai shi ne daidaitacce. A ajiye rubutun Schön a shafi ɗaya, sabon a shafin da ke fuskantarsa, duk inda mai gyara ya yi zaɓi tsakanin karatu biyu ya faɗa a ƙasa. Ta haka ɗalibin sakandare zai sami labari, ɗalibin jami'a ya sami abin bincike, daga littafi guda.

Bayan ya komo Afirka a 1864, Dorugu ya rayu da abin da tafiya ta ba shi, wato harsuna, yana aikin tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa. Abokin tafiyarsa Abbega ya yi sama, har ya zama sarkin Lakwaja. Barth ya rasu a Barlin a 1865 yana da shekara 44, Schön ya bi shi a 1889. Dorugu ya ga abin da su biyun ba su gani ba: ya ga Turawan da ya sani a matsayin baƙi masu neman izinin wucewa sun dawo da igwa sun zama masu ƙasa, Faransa ta kama Damagaram a 1899, Ingila ta kama Kano da Sakkwato a 1903, aka ja iyaka aka bar Dambanas a ɓangaren Faransa. Da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, tsoho Dorugu yana cikin waɗanda suka koyar a cikinta, yana nuna wa malamai da ƴaƴan sarakuna haruffan da aka fara gwadawa a kan bakinsa shekara 50 da suka wuce. A nan Nasarawa ya rasu a 1912, tafiyar ƴan kwanaki daga garin da aka kama shi. Shekara guda kafin rasuwarsa layin dogo ya iso Kano, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallon jirgin ƙasa, abin da shi ya shiga a Turai tun 1855.